Ajiyar Baƙuwa a Rumbun Kaka

Duk shekara, idan bazara ta matso, ƙasar bakin tafki ta fara tsagewa, kakata takan ware man shanu a 'yar ƙwarya ta ce wannan ba na miya ba ne. Rabinsa na akusanta ne. Sauran rabin kuwa na ajiyar baƙuwa ne, wadda take cikin ƙaramin rumbu a bayan ɗakinta. Na tashi ina ganin haka kamar yadda na tashi ina ganin ana sharar tsakar gida da safe. Sai da na girma na gane ba kowane gida ke da irin wannan ajiya ba.

Ƙauyenmu yana cikin kwarin Tarka, tafiyar rabin yini ce a amalanken jaki zuwa Belbeji. A wurin kakata ta wajen uwa na girma. Rijiyar garin mai zurfi ce ƙwarai, sai da raƙumi ko sa ake jan guga, kuma da rani mata kan wuni a bakinta suna jiran layi ya zo kansu. Ina da shekara bakwai aka wayi gari da manyan motoci uku sun tsaya a gabas da gari. Aka ce Shinuwa ne, mutanen ƙasar Sin, sun zo haƙa mana foraj, wato rijiyar da inji ke haƙawa a sa mata famfo. Maza ne su shida, sai mace ɗaya, matar shugabansu, ita ke yi musu girki.

Ƙwan zabi ne ya fara kawo ta gidanmu. Ta shigo da hular kaba mai faɗi, ta tsuguna, ta yi kukan zabuwa da bakinta, ta zana ƙwai a ƙasa da yatsa. Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kawo mata goma a faifai. Daga ranar kusan kullum sai ta zo da hantsi. Takan zauna a tabarmar Kaka ta taya ta tsinke zogale, Kaka tana ba ta labarin ciwon gwiwarta da Hausa, ita kuma tana mayar mata da nata yaren, kowace tana gyaɗa kai kamar ta ji. Ba mu iya faɗin sunanta ba. Kaka ta ce mata Baƙuwa, duk gari kuma suka ɗauka.

Wata safiya ba ta zo ba, sai Kaka ta ce in ɗauko ƙwai mu kai mata. Ɗakinta na kwano ne, a gefen motocin. Ƙofar a buɗe take. Muka tarar da ita tsaye, ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji, a gabanta kuwa kan wani ɗan akwati ga wata mace ta itace a zaune. Akwai tsinken turare uku suna hayaƙi, da ɗan kofin ruwa, da dabino uku a faranti.

Tsawon matar itacen bai wuce kamu ɗaya ba. Ta ɗaga gwiwa ɗaya ta ɗora hannunta a kai, kamar wadda ta gama aikin gida ta zauna ta huta. Ɗayan hannun yana riƙe da 'yar kwalba. Idanunta a runtse suke amma ba a rufe ba, kunnuwanta dogaye, mayafinta ya sauko daga ka har kafaɗa, kuma ko da yake itace ne sai ka ce iska za ta iya ɗaga shi. A kan fure take zaune, irin furen bado da ke fitowa a tafki da damina. Jikinta akwai sauran ruwan zinariya da jan fenti, duk sun tsufa suna ɓarewa. Na tsaya ina kallo har na manta da ƙwan da ke hannuna.

A hanyar komawa gida Kaka ta ce, “Allah sarki. Uwarta ce.”

Na ce, “Wa ya gaya miki, Kaka?”

“Sai an gaya mini? Mace ta bar garinsu ta zo ƙarshen duniya, me za ta ɗauko in ba kamannin uwarta ba? Can ƙasarsu ƙila ba su da mai hoto, sai masassaƙi.”

Ruwan foraj ya fito ana saura kaɗan damina ta faɗi. Ranar mata suka yi ta guɗa, Baƙuwa ma ta gwada, muryarta ta maƙale, aka yi ta dariya. Kwana kaɗan bayan haka mijinta ya faɗi a wurin aiki da tsakar rana. Aka ce za a kai shi likita a Damagaram cikin ƙaramar motarsu. Muna cin tuwon rana sai ga ta ta shigo a guje, babu hula, rungume da wani abu a cikin tawul. Ta buɗe, ta nuna wa Kaka wuyan hannun matar itacen, wanda ke kan gwiwa. Akwai tsaga siririya kamar gashi. Ta girgiza jikinta kamar yadda mota ke yi a hanyarmu, ta yi alamar abu ya karye. Sannan ta nuna sama, ta saukar da yatsunta kamar ruwa, ta nuna kanta, ta nuna ƙasar tsakar gidanmu. Ko ni yarinya na gane: bayan damina za ta dawo.

Kaka ta goge hannunta a zane, ta miƙa duka biyu, ta ce, “Na karɓa. Allah ya ba shi lafiya, ya dawo da ke.”

Damina ta zo ta wuce. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna. Sauran mazan suka kwashe motocinsu suka tafi. Baƙuwa ba ta dawo ba.

Da farko a cikin adakarta Kaka ta sa ajiyar, ƙarƙashin zannuwan sallah. Da zafi ya fara, ta buɗe ta duba, sai ta ga tsagar nan ta ƙaru, ta haura zuwa gwiwar hannu. Ƙasarmu ba ta raga wa itace. Turmi ma idan an bar shi sai ya buɗe baki. Kaka kuwa magani ɗaya ta sani na itacen da ke jin ƙishi, wanda ta gada wurin uwarta, wanda ya sa akusanta suka kai shekarun da ba wanda ya san adadinsu ba tare da ko ɗaya ya tsage ba. Ta sa man shanu a rana ya narke, ta samo tsumma mai laushi da gashin kaza ɗaya. Da tsumman ta shafe jiki da mayafi da furen, da gashin kazar ta bi lungunan kunne da tsakanin yatsu, ta ɗiga man a cikin tsagar har ta daina sha. Ni ce mai riƙe ƙwaryar.

Tana yi tana magana. “Sannu, baiwar Allah. 'Yarki ta bar ki a ƙasar zafi. Ki yi haƙuri, mu ma haka muke fama.”

Itacen yana da wani ƙamshi nasa mai sanyi, kamar kafur. Da ya haɗu da man shanu sai ya zama wani abu dabam, wanda ban taɓa jin irinsa a ko'ina ba. Ruwan zinariyar ya dushe kaɗan a shekarar farko. Kaka ta ce ai datti ne ke fita. Ta yanko ƙyallen turkuɗi, baƙin zanen nan mai sheƙi da Buzaye ke so, ta naɗe ta a ciki.

A shekara ta uku kawuna ya dawo daga karatu. Shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce “kai wannan,” in kuma tana son ta tsokane shi ta ce “Malam.” Mutum ne mai kirki, mai tsoron Allah, yana kuma son uwarsa. Ya shigo gaishe ta da safe ya tarar da mu a kan aikin shafa mai. Ya tsaya cik a bakin ƙofa.

“Inna, mene ne wannan?”

“Ajiya ce.”

“Inna, gunki ne fa. Gunki a ɗakin da kike salla? Ki ba ni in kai shi murhu.”

Kaka ba ta ɗaga kai ba. “Kai wannan, ka taɓa ganin na durƙusa mata?”

“Ban gani ba, amma...”

“Ka ga na roƙe ta ruwa ko gero?”

“Inna, ba a nan take ba. Mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da irin wannan.”

“To, Malam. Idan mai shi ta zo gobe ta ce ina kayana, sai in ce ɗana ya yi karatu ya dafa shayi da su?”

Kawu dai bai sauka ba. Suka kwana biyu ba sa haɗa ido. A rana ta uku Kaka ta yafa mayafi ta ja hannuna muka tafi wurin tsohon limamin garin, Kawu yana biye da mu. Liman ya saurari kowa. Ya ce Kawu ya yi gaskiya, kada ta zauna a ɗakin kwana ko inda ake salla, kada kuma a baje ta ana kallo. Ya ce Kaka ma ta yi gaskiya, abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne balle ka ƙone, ko na wane ne. A rufe, a adana, a mayar wa mai shi.

Da muka fito Kaka ta ce, “Ka ji ko? Sai ka gina mata rumbu.”

Shi kuwa ya gina. Da hannunsa ya kwaɓa laka, ya ɗora ƙaramin rumbu a kan duwatsu saboda gara, ya yi masa hular ciyawa. Yana yi yana gunaguni, Kaka tana daga inuwa tana cewa gefen hagu ya karkace. Aka sa ajiyar a cikin kwalla mai murfi, aka zuba toka da busasshen ganyen dogon yaro kewaye da ita. Sau ɗaya a shekara take fitowa, ranar shafa mai.

Ranar nan nake jira fiye da ranar sallah, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni yarinya ce mai yawan zama shiru, ana aike na in tsaya kallon tururuwa. Idan Kaka ta kwance turkuɗin, fuskar nan ta bayyana, sai in ji kamar duk hayaniyar gidan ta ja baya. Ba ta murmushi sosai, ba ta kuma ɓata rai. Kamar mai sauraron wani da ke magana daga nesa. Nakan yi ta tunanin wanda ya sassaƙa ta, a wane gari, ƙarƙashin wace bishiya, ko ya san wata rana za ta zauna a rumbu a yankinmu na Damargu, awaki suna kuka a gefenta. Da yake ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, Kaka takan ce, “Ke 'yar lakwal, ƙwaryar za ki riƙe ko mafarki za ki yi?”

Shekara tana bin shekara, zinariyar tana ɓacewa, jan fentin yana nutsewa, har matar ta koma baƙa wuluk mai sheƙi kamar akusan Kaka. Tsagar kuwa ta tsaya inda take, daga baya ma ta haɗe, sai ka sa farce kafin ka ji ta.

Da na shiga lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, wata rana a ɗakin karatu ina buɗe wani littafin Faransanci mai hotunan ƙasashe, sai na gan ta. Zaman nan ne, gwiwar nan, 'yar kwalbar nan. Na karanta abin da aka rubuta a ƙasa sau uku. Ba uwar kowa ba ce. Mabiya addinin Buddha ne ke girmama ta, suna ajiye ta a wata kusurwa ta gida su kunna mata turare, suna ce mata mai jin kukan duniya. Kawu ya fi mu gaskiya ashe. A shafi na gaba kuma aka ce irin waɗannan tsofaffin sassaƙa, darajarsu tana cikin fentinsu na asali, ba a wanke su, ba a shafa musu komai.

Da na zo hutu na gaya wa Kaka rabin farko. Tana tankaɗe, ta dakata kaɗan.

“Ba uwarta ba ce?”

“A'a, Kaka. Abin bautarsu ne.”

“To. Wannan tsakaninta da Mahaliccinta.” Ta ci gaba da tankaɗe. “Ni dai ban ce na karɓi uwarta ba, ban ce na karɓi abin bautarta ba. Cewa na yi na karɓa.”

Daga ranar ta daina yi mata hira idan tana shafa man, sai dai ta yi bisimilla ta yi aikinta shiru. Rabi na biyu kuwa, na maganar fenti, na haɗiye shi. Na ga aikin gama ya riga ya gama, kuma ban san yadda zan dubi tsohuwar nan in ce mata shekara goma tana ɓata abin da take tsammanin tana gyarawa ba. Bazarar nan ma ni na riƙe ƙwaryar.

Sai idanun Kaka suka fara yin hazo. Kawu, wanda a lokacin ya koma Damagaram da iyalinsa, ya zo har sau uku yana roƙon ta bi shi a yi mata aiki, ta zauna wurinsa. Ta ƙi.

“Baƙuwa gidan nan kaɗai ta sani. In ta zo ta tarar da ƙofa a rufe fa?”

“Inna, shekara nawa yanzu? Ƙila ma ta mutu.”

“Ka ga gawarta?”

“To mu tafi da abin.”

“A wannan hanyar? Ita da kanta ba ta yarda ta ɗora shi a mota ba, sai ni?”

Wani yammaci muna zaune ni da ita, ta ce mini ba makanta take tsoro ba. Tsoronta ta mutu da kayan mutane a hannunta, a tambaye ta ta rasa amsa. Duk motar da ta ji ta tsaya a gari sai ta aika a dubo ko Shinuwa ne. Yawanci masu sayen dabbobi ne.

Ina shekara ta biyu a jami'a, na zo hutun rani, aka ce an zo sauya wa famfonmu inji, za a sa masa faifan hasken rana. Cikin ma'aikatan akwai Bashinuwe ɗaya, injiniya, mai furfura a gefen kai, yana jin Faransanci. Kaka ta ji labari kafin ni.

“Tashi, 'yar lakwal. Yau karatunki zai yi amfani.”

Na same shi a gindin famfo na yi masa bayani, ina jin kunya. Ya biyo ni, da alama don ladabi kawai. Kaka ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo masa fura. Na ɗauko kwallar daga rumbu, na kakkaɓe tokar, na kwance turkuɗin.

Ya miƙe tsaye. Ya sake tsugunawa, ya kai hannu bai taɓa ba. Ya ce wannan ta tsufa ƙwarai, ta girmi kakansa. Sannan ya matso da fuskarsa, ya shinshina, ya duba ɗan yatsansa da ya goga a gefen furen. Ya tambaye ni a hankali me aka shafa mata. Na gaya masa. Ya rufe ido, ya ce da akwai zinariya a jikinta, ko ba haka ba? Na ce akwai.

Kaka ba ta ganin fuskarsa sosai, amma ta ji shirun.

“Me ya ce?”

Na so in ce ya yaba. Kalmar tana bakina. Sai na tuna matar da nake magana da ita, wadda ta ƙi a gyara mata ido saboda kalma ɗaya da ta furta. Na ce, “Kaka, ya ce ba a shafa wa irinta mai. Man ya cinye zinariyar.”

“Ya cinye?”

“E. Kuma ni na sani tun ina lise, ban gaya miki ba.”

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta laluba ta taɓa gwiwar matar itacen, ta janye hannunta, ta ce, “Ashe ɓata mata na yi.” Ranar ba ta ci tuwo ba.

Injiniyan ya ɗauki hoton ajiyar da na Kaka, ya kuma ɗauki hoton wani rubutu da masu haƙar farko suka bari a jikin simintin famfo. Ya ce zai tambayi tsofaffin ma'aikata, amma kada mu sa rai. Kaka ta fi sati uku ba ta tsokani kowa ba. Takan zauna tana fuskantar rumbun, carbi a hannu. Sau ɗaya ta tambaye ni ko ana sayar da ruwan zinariya a kasuwar Damagaram.

Ana gab da gama aikin famfo sai ga injiniyan da hantsi, yana murmushi, waya a hannu. Ya samo Baƙuwa. Tana raye, tana zaune wurin 'yarta. Mijin bai tashi daga ciwon nan ba, an mayar da shi ƙasarsu ya rasu a can, ita kuma ba ta sake samun hanyar dawowa ba, ba ta ma san yadda ake rubuta sunan ƙauyenmu ba.

A garinmu waya ba ta kamawa sai a kan tudun da ke bayan makaranta, gindin wani gawo. Can muka tafi, ina riƙe da hannun Kaka, injiniyan yana rungume da kwalla, mata biyu maƙwabta suna biye da mu don kada a ba su labari. Ya kira. Sai ga wata tsohuwa mai farin gashi a cikin gilashin wayar. Da ta ga Kaka ta sa hannu a baki. Can sai ta yi kukan zabuwa.

Kaka ta ce, “Ita ce! Wallahi ita ce! Baƙuwa, haka ake yi? Bayan damina, bayan damina, damina nawa ke nan?”

Maganar tana bi ta bakin mutum biyu, daga yarensu zuwa Faransanci a bakinsa, daga Faransanci zuwa Hausa a nawa, amma su biyun ba su jira mu ba, kowace tana ta zuba nata kamar dā. Sai da suka gaji Kaka ta ce, “Buɗe mata. Ki kuma gaya mata ni na yi, da hannuna, ba da mugunta ba. Abin da na sani ke nan.”

Na kwance turkuɗin a gaban wayar. Matar itacen ta fito baƙa tana sheƙi a rana. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta har na ɗauka wayar ce ta yanke. Sannan ta yi magana, injiniyan ya ce tana so a matso da hannun, wanda ke kan gwiwa. Na matsar. Ta ce a juya. Na juya. Ta kawo fuskarta dab da gilashin tana neman tsagar.

Ya ce, “Tana tambaya ina karayar.”

Na ce babu karaya, ba ta taɓa karyewa ba.

Sai ta fara kuka, tana magana cikin kukan. Ta ce ta kakarta ce. Ta ce tun shekarar farko ta fitar da rai, domin ta ga yadda ƙasarmu ke yi wa itace, kujerar da suka zo da ita ma kafin su tafi ta rabe biyu. Duk lokacin da ta tuna, gutsattsari take gani a ranta. Ba ta taɓa zaton za ta sake ganin hannun nan a jikinta ba.

Kaka ta ce, “Zinariyar fa? Ki tambaye ta zinariyar.”

Amsar ta zo gajeriya. Ta ce zinariyar dama tana zuba tun kakarta na da rai. Sannan ta tambayi injiniyan wane irin ƙamshi take yi yanzu. Ya sunkuya ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya faɗi wata kalma. Tsohuwar ta fashe da dariya hawaye na zuba, maƙwabtanmu ma suka kama dariya ba su san me aka ce ba. Ta ce ya kawo mata ita yadda take, da baƙin ƙyallen, kada ya kuskura ya goge komai.

Kaka ba ta yi dariya ba tukuna. Ta ce, “Ki ce mata ta faɗa da bakinta. Ta karɓa?”

Na juya wa injiniyan, ya juya mata. Tsohuwar ta gyara zama, ta miƙo hannuwanta biyu wajen gilashin, ta faɗi kalma biyu.

“Ta ce ta karɓa, Kaka.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Kaka. Ta zauna a ƙasa a gindin gawon nan, ta miƙe ƙafafunta kamar wadda ta dawo daga rijiya. “Na sauke.”

Injiniyan zai koma gida ƙarshen wata. Ya zo da akwati mai soso a ciki, ya kwantar da matar itacen kamar jaririya. Kaka ta kawo wata 'yar kwalba cike da man shanu, ta ɗaura gashin kaza a wuyanta da zare, ta ce in gaya masa sau ɗaya a shekara ne, kafin zafi, kuma a bar man ya narke tukuna. Ya dube ni, na dube shi. Ya karɓa da hannu biyu ya sunkuyar da kai.

Sati biyu bayan haka Kaka ta aika wa Kawu ya zo ya ɗauke ta. Aka yi mata aikin ido ɗaya, ya buɗe. Abin da ta fara cewa da aka cire bandejin shi ne Kawu ya tsufa bai gaya mata ba. Amma ba ta zauna a birni ba, ta ce hayaniya ta yi yawa, ta koma gida. An aiko mana da hoto daga baya: matar itacen a kan wani jan teburi, turkuɗin a kafaɗarta, turare uku a gabanta, da 'yar kwalbar man a gefe ba a buɗe ba. Kaka ta daɗe tana kallo da sabon idonta, ta ce ɗakin yana da tsabta.

Bazarar da ta biyo, wadda ita ce ta ƙarshe da na yi da ita, na zo hutu na tarar ta ware man shanu a 'yar ƙwaryar nan, cike kamar kullum. Muka fito da akusa muka shafe su ɗaya bayan ɗaya a inuwar rumbun, wanda yanzu kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Da muka gama, rabin man yana nan. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi rumbun, ta yi 'yar dariya.

“Hannu ya saba,” ta ce. “Miƙo hannuwanki, 'yar lakwal. Dubi yadda suka bushe, kamar ba mace ba.”

Na miƙa mata. Ta shafe su a hankali, har tsakanin yatsu.